Katin asusun lafiya ya ƙi biyan kuɗin tausa: ina mafita?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Aikin ɗagawa da juyawa da kwantar da mutane ne tun safe har yamma, yanzu ƙuguna ya riƙe, da ƙyar nake ruku'u. A wurin aiki ana cire min kuɗi daga albashi ana zubawa a asusun FSA, wato asusun da ake ware wa kuɗin jinya na shekara. Na zaɓi dala 1,500 a bana, ga shi muna cikin Oktoba saura dala 900, kuma an ce in shekara ta ƙare sun tafi ke nan. Na je wani shagon tausa, aka yi min ta dala 90, jikina ya saki sosai, amma da na miƙa katin sai ya ƙi, na biya daga aljihuna cikin kunya. Wata abokiyar aikina ta ce akwai shafin intanet da ke ba da takardar likita cikin minti biyar in an biya su. Maigida kuma ya ce tausa gata ce kawai, in na dage in ɗauki katinsa na HSA, wato nasa asusun ajiyar kuɗin jinya, tunda shi ba a tambayar komai. Ga Hajiyarmu ta zo ziyara daga Kano tana fama da gwiwa, ina so a yi mata ita ma. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki a Columbus

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.

Ana biyan kuɗin tausa da FSA, ana biya da HSA, kuma irin ciwon da kika kwatanta yana cikin waɗanda aka fi amincewa da su. Abin da ya faru shi ne kin fara daga inda ya kamata ki ƙare. Likita ne farko, sai takardarsa, sai mai tausa mai lasisi, sai rasit. Ke kuwa kin tafi wurin mai tausa kai tsaye da kati a hannu.

Ga dalili. Kuɗin da ke shiga wannan asusu ana cire su ne daga albashinki tun kafin a lissafa haraji, wato gwamnati ta yafe rabonta a kansu. Sharaɗin yafewar shi ne a kashe su a kan jinya kamar yadda dokar haraji ta fassara ta a sashe na 213(d): gano cuta, warkar da ita, rage zafinta, yi mata magani ko hana ta faruwa. Hukumar tara haraji, IRS, tana da ɗan littafi mai lamba 502 da ya jero abubuwan da suka shiga, kuma ya faɗa ƙarara cewa abin da ke da amfani ga lafiya gaba ɗaya kawai, irin su hutu ko ƙwayoyin ƙarin kuzari, ba jinya ba ne. Tabarau da ciko a haƙori kowa ya san jinya ne, ba a neman bayani. Tausa kuwa ta raba ƙafa: mai ciwon ƙugu yana yin ta, amarya ma ana yi mata ranar kamu don ta ji daɗin jikinta. Hannun ɗaya ne, man ɗaya ne, gadon ɗaya ne. Abin da ke raba su a idon hukuma shi ne akwai cutar da likita ya gano ya kuma ce tausa tana cikin maganinta, ko babu. Don haka Maigida bai yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai tausar da gata ce. Sai dai macen da ke ɗaga baligai tana juya su awa takwas ko goma sha biyu, har ruku'u ya gagare ta, ba gata take nema ba. Ki faɗa masa haka cikin ruwan sanyi.

Ƙin katin kuma kada ya dame ki. Kowane shago yana da lambar da ke nuna irin sana'arsa a tsarin na'urorin biyan kuɗi, kuma an saita katin FSA ya buɗe ne a asibiti, kantin magani, wurin likitan haƙori da na ido da makamantansu. Shagon kwalliya da shaƙatawa ba ya cikinsu, ko da asusun cike yake. Ma'aikatan irin waɗannan shaguna sun saba ganin haka kullum, babu wanda ya ɗauka ba ki da kuɗi. Ko bayan kin sami takarda, katin yana iya sake ƙi a wasu wuraren. In haka ta faru sai ki biya da naki, ki ɗauki hoton rasit ki tura ta manhajar kamfanin da ke kula da asusun, su mayar miki da kuɗin.

Yanzu ki nemi ganin likitanki a wannan makon, kada ki bari Nuwamba ta shigo. In kin shiga kada ki yi ta kara irin tamu, a tambaye ki jiki ki ce da sauƙi. Da sauƙi gaisuwa ce, likitan Amurka kuwa rubutawa zai yi a fayil cewa kin ce kin samu sauƙi. Ki gaya masa tun yaushe ciwon ya fara, inda yake riƙe ki, ko yana sauka cinya ko ƙafa, abin da ke tayar da shi, abin da ya hana ki yi: sunkuyo, ɗaukar yaro, barci a gefe ɗaya, sallah a tsaye. Ki faɗi irin aikinki dalla-dalla. Ki kuma faɗa masa cewa an yi miki tausa sau ɗaya kin ji sauƙi, kina so ki san ko ya dace ta shiga cikin maganinki. Ba baƙon abu za ki roƙa ba. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu, ta ce ga sabon ciwo ko wanda bai daɗe sosai ba a fara da abin da ba ƙwaya ba: gashi da ɗumi, tausa, allurar Sinawa ko gyaran ƙashin baya. Ga wanda ya wuce wata uku kuwa motsa jiki da gashin ƙashi suka fi ba wa ƙarfi. Don haka kada ki yi mamaki in ya haɗa ki da masu gashin ƙashi. Wannan ma riba ce, domin su inshora takan ɗauki wani kaso na kuɗinsu, ragowar kuma FSA na biya ba tare da dogon bayani ba, kuma sau da yawa suna haɗawa da tausar a cikin zaman.

Akwai wani dalilin da ya fi na takarda nauyi. In ƙafarki tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko fitsari yana ƙwace miki, ko akwai zazzaɓi tare da ciwon, wannan ba na mai tausa ba ne, asibiti za ki nufa a ranar. Haka in kina da juna biyu ko kina shan maganin tsinka jini, sai likita ya ce a yi kafin a taɓa ki.

Takardar da za ki nema ita ce shaidar larurar jinya, a ofisoshi suna taƙaita sunanta da LMN, in kin faɗi haruffan nan uku ma'aikaciyar gaban tebur za ta gane. Kafin ki je, ki kira lambar da ke bayan katinki ki tambaya ko suna da fom nasu, domin kamfanoni da yawa suna da shi, sai ki buga ki tafi da shi likita ya cike a gabanki. Abin da ake so a gani bai da yawa: sunan cutar, cewa tausa ce aka ba da shawara, yadda za ta taimaka wa wannan cutar, sau nawa, tsawon wane lokaci, sai sa hannu da kwanan wata. Misali, ciwon ƙugu daga ɗaurewar tsoka, tausa sau ɗaya a mako na tsawon wata uku. Takardar da ta ce kawai tausa za ta yi miki amfani, ko don rage gajiya, ita ce ake mayarwa. Yawancin kamfanoni suna karɓar takarda na tsawon lokacin da aka rubuta a ciki, in ya yi yawa wata goma sha biyu, daga nan a sabunta. Ki tura musu ita kafin zama na gaba, ki jira su ce sun karɓa. Dala 90 ɗin da kika riga kika biya kuwa, ki tambaya, amma kada ki sa rai, tunda an yi tausar kafin wani likita ya duba ki.

Batun shafin abokiyar aikinki, ni ban yarda da shi ba. A watan Maris na 2024 IRS ta fitar da gargaɗi a kan kamfanonin da ke sayar wa mutane takardar likita bisa abin da mutum ya faɗa da bakinsa kawai, suna cewa da ita za a mayar da kuɗin abinci ko na motsa jiki ko na jin daɗi su zama na jinya. Hukumar ta ce irin wannan takarda ba ta mayar da su. Ganin likita ta bidiyo na gaskiya, wanda zai tambaye ki, ya sa ki motsa ya gani, ya buɗe miki fayil, wannan daban ne kuma ba laifi. Amma cike tambayoyi biyar a waya a turo miki takarda, me ya kai ki? Ke da ciwonki na gaske ne, ga likita, ga inshora, kuma kuɗin ganin likitan ma FSA ɗin zai biya. Wanda ba shi da ciwo shi ke neman ta bayan gida. In kamfanin asusun ya ƙi takardar bayan an riga an kashe kuɗin, za su ce ki mayar, su rufe katin har sai kin biya.

Sai zaɓen mai tausa. A Ohio hukumar likitoci ta jiha ce ke ba masu tausar jinya lasisi, kuma a shafinta ana iya duba sunan mutum a ga ko lasisinsa na aiki. Ki nemi mai haruffan LMT a bayan sunanta, wato mai tausa mai lasisi, zai fi kyau in tana aiki a asibitin gashin ƙashi ko tare da likitan ƙashin baya, a nan ne ma katin ya fi yiwuwar buɗewa. Ki faɗa tun a waya cewa mace kike so, ba wanda zai ga laifinki, haka mata da yawa ke nema. Ana rufe jiki da zane a buɗe wurin da ake aiki a kai kawai, kuma kina da ikon cewa ga iyakar inda za a taɓa. Ki tafi da kwafin umarnin likita, domin a Ohio ana ɗora harajin saye a kan tausa, amma ba a ɗorawa in likita ne ya ba da umarnin yin ta. 'Yan daloli ne, amma naki ne.

Rasit ɗin da na'ura ke tofowa mai nuna jimillar kuɗi kawai ba ya isa. Ki ce a ba ki wanda ya nuna sunanki, sunan mai tausar ko wurin, ranar da aka yi, irin aikin da aka yi, da kuɗinsa. Tukuicin da ake ƙarawa a sama daga aljihunki zai fito, ba jinya ba ne. Kuma ki kiyayi tarkon da na san za a ɗana miki in sun ji kina da dala 900 da ke shirin ƙonewa: sayi zama goma yanzu a farashi mai rahusa. FSA yana duba ranar da aka yi aikin ne, ba ranar da aka biya ba. In kin biya goma a Disamba kika yi biyu kafin shekara ta ƙare, biyun nan kaɗai kuɗin bana zai ɗauka. Haka kuɗin zama mamba da ake cira duk wata, ba a lissafa shi sai dai zaman da aka yi da gaske.

Game da ƙonewar kuɗin, gaskiya ne amma da sauran bayani. Doka ta ba wurin aikinki damar zaɓar ɗaya daga cikin sassauci biyu, ko ya ƙi duka. Ko a bar ki ki tsallaka da wani adadi zuwa sabuwar shekara, wanda iyakarsa dala 660 ce ga kuɗin 2025, dala 680 ga na 2026, ko a ƙara miki wata biyu da rabi, zuwa 15 ga Maris in shekarar asusun ta ƙare a Disamba. Ba a haɗa biyun. Ki tambayi ofishin ma'aikata wanne ne naku, ki kuma tambayi ranar ƙarshe ta tura rasit, domin ita daban ce. In kin fara a farkon Nuwamba, zama takwas a dala 90 ya ci 720. Ragowar ba sai kin tilasta wa jikinki tausa ba: tun dokar 2020 ana sayen magungunan kanti irin na ciwon jiki da audugar mata da wannan kati ba tare da takardar likita ba, ga abin gashi mai ɗumi, ga tabarau, ga haƙoran yara. Har mai na zuwa asibiti ana lissafawa, santi 21 a kowace mil a 2025.

Kada kuma ki ɗauka kyauta ce. Kuɗinki ne, guminki ne, haraji kawai aka ɗauke. In kina cikin masu biyan kashi 12 na harajin tarayya, ki haɗa da kashi 7.65 na fansho da inshorar tsofaffi, kusan kashi 20 ke nan, wato dala 18 a kan kowace tausar dala 90, sai ɗan abin da jiha ta bari. Na faɗi haka ne saboda lokacin zaɓen na baɗi ya kusa. Iyakar abin da za a iya zubawa dala 3,300 ce a 2025, dala 3,400 a 2026, amma ki zaɓi abin da kika tabbata za ki kashe, ba abin da aka yarda a zuba ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki, kuma ba shi kika tambaya ba: katin Maigida. Maganarsa cewa ba a tambayar komai, rabin gaskiya ce. A FSA akwai kamfani a tsakani da ke duba rasit kafin ko bayan biya. A HSA babu mai tsayawa a ƙofa, mutum ke cira da kansa, ya bayyana a fom mai lamba 8889 lokacin cike haraji cewa jinya ya yi da su. Amma ƙa'idar abin da ya halatta iri ɗaya ce, kuma ranar da IRS ta waiwayo, shi za a ce ya kawo shaida. In babu, kuɗin da ya cira za su koma cikin abin da ake biya wa haraji, a ƙara tarar kashi 20 a kai in bai kai shekara 65 ba. Miji yana iya biya wa matarsa jinya daga HSA ɗinsa, wannan halal ne, amma da takardar likitan nan dai a ajiye a gida. Kuma ko da takardar, wauta ce a taɓa nasa yanzu. Kuɗin HSA ba sa ƙonewa, suna bin mai su ko ya canja aiki, har ya tsufa. Naki ne ke da wa'adi, naki za a fara ci.

Matsalar ta fi nan zurfi. Sharaɗin zuba kuɗi a HSA shi ne mutum yana kan inshora mai babban kason farko da yake biya da kansa, kuma ba shi da wata kariyar da ke biyan kuɗin jinya tun daga dalar farko. FSA na gama-gari, irin wanda ke biyan kowace jinya, yakan zama irin wannan kariya ga mai shi da mijinta ko matarsa kai tsaye, ko da ba su taɓa kashe sisi a kan juna ba. Ma'ana, in naki na gama-gari ne, akwai yiwuwar Maigida bai cancanci zuba kuɗi a HSA ba a watannin da kike da shi. Iyalai da yawa suna faɗawa wannan rami ba da saninsu ba, domin wurin aikinki bai san da nasa ba, nasa bai san da naki ba. Abin da ya riga ya tara a shekarun baya yana nan, yana iya kashewa. Abin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba kuwa ana ɗora masa harajin kashi 6 duk shekarar da ya kwana a ciki, sai dai in an cire shi tare da ribarsa kafin ranar ƙarshe ta cike harajin wannan shekarar. Gyaruwa yake, amma ku zauna da mai cike muku haraji kafin ƙarshen shekara da takardun asusun biyu a hannu. Akwai wani nau'in FSA taƙaitacce na haƙori da ido kawai wanda ke zama lafiya da HSA, sai dai shi ba ya biyan tausa. Ba ki faɗi wane iri ne naki ba, amma ina zaton na gama-gari ne. Kafin ki sake sa hannu na baɗi, ku yanke shawara tare: ko naki ko nasa.

Wani abu kuma. Kin ce aiki ne ya jawo ciwon. In akwai ranar da kika ɗaga wani kika ji ƙugun ya amsa, ki kai rahoto a rubuce ga shugabar sashenku, ki kuma faɗa wa likita. Ohio tana da hukumar biyan diyyar raunin aiki, kuma wa'adin shigar da batun rauni shekara ɗaya ne daga ranar da ya faru. In an karɓa, su ke biyan maganin da aka amince da shi, ba albashinki ba. Mutanenmu suna tsoron wannan, suna ganin kamar kai ƙarar wanda ya ba su aiki ne. Inshora ce da aka tanada don irin aikinku, 'yan ƙasa da kuke aiki tare ba sa jin nauyin nema. Abin lura kawai, abin da diyya ko inshora ta biya ba a sake karɓarsa daga FSA. Ki kuma daina ɗaga mai nauyi ke kaɗai don ana sauri. In akwai na'urar ɗagawa a sashenku ki jira ta, in babu ki kira abokiyar aiki ta taya ki, in ba haka ba tausar ranar Asabar za ta warware abin da Litinin za ta sake ɗaurewa.

Hajiya kuwa, ki yi haƙuri, katin ba zai ɗauke ta ba. Asusun na biya wa ke, da mijinki, da 'ya'yanki, da wanda doka ta ɗauka yana ƙarƙashin kulawarki ta fuskar haraji. Uwa tana iya shiga wannan sahu in ke ke ɗaukar fiye da rabin nauyinta, amma sai in 'yar ƙasa ce ko mazauniyar Amurka, Kanada ko Meziko. Wadda ta zo da bizar ziyara daga Kano ba ta cika wannan ba, ko da ke ke ciyar da ita shekara da shekaru. Ki biya mata daga aljihu. Kafin nan a duba gwiwar, musamman in ta kumbura ko ta yi zafi ko ƙwaurin yana ciwo, domin wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi jini yana iya daskare masa a ƙafa, kuma irin wannan ƙafar ba a matsa ta. In tana da inshorar tafiya, ki duba takardar ki ga abin da ta ɗauka. In babu, cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, akwai su a Columbus, ki kira ki tambayi ranar da za su iya ganin ta.